Ciyawar Soyayya: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Raba Ta da Gona

Soyayya ciyawa ce mai yaɗo wadda ba ta da ganye, ba ta kuma da saiwa a ƙasa. Jikinta duka zare ne siriri, rawaya ko ruwan goro, wanda ke nannaɗe shuka yana tsotse ruwa da abincin da shukar ta tara wa kanta. Wanda ya hango ta a kan shinge ko a tsakiyar fangalin albasa zai ɗauka dafaffiyar taliya aka watsa a wurin. A ƙasar Hausa ana kiranta soyayya, a wasu wurare kuma rumfar gada. Sunayen nan biyu sukan hau kan tsirrai biyu da ido ke ɗauka ɗaya ne, alhali ba danginsu ɗaya ba, ba abu ɗaya suka fi hawa ba, kuma dabarar da ke maganin ɗaya ba ta cika amfani a kan ɗayan ba.

Yankin Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, yana da duk abin da tsirran biyu ke bukata. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a jigawa gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi ne abin nomawa. Da kaka ta wuce sai aiki ya koma fadama da bakin ruwa: kewayen madatsar ruwa ta Kazaure, gaɓar kogin Gari, da filayen da ke shan ruwan madatsar Tomas ta wajen Dambatta, inda ake noman tumatir, albasa, tattasai da attaruhu. Ga kuma gonakin mangwaro da gwaiba da lemo, ga shingayen lalle da aguwa da bini-da-zugu, ga layukan darbejiya da turare da aka dasa don tare iska. Kayan lambun su ne abincin tsiro na farko, itatuwan da shingayen kuma su ne mazaunin na biyu. Manomin da ya kashe kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa a kan fangalai kaɗan ba shi da sararin yin asara, don haka sanin wace ce ta shigo masa, tun tana zare biyu ko uku, ya fi kowane magani da zai saya daga baya.

Don sauƙin bayani, za a kira ta farko soyayyar lambu, ta biyu kuma rumfar gada. Soyayyar lambu ita ce masana tsirrai ke kira Cuscuta, kuma jinsunanta sun kusa 200 a duniya. Abin mamaki, danginta su ne dankalin Hausa da yaryaɗi da duman kada. Wadda ta fi ɓarna a cikinsu ita ce Cuscuta campestris, wadda masanin tsirrai ɗan Amurka Truman Yuncker ya bayyana a 1932. Asalinta Amurka ta Arewa ne. Ta zagaye duniya ne a ɓoye cikin buhunan irin alfalfa, ciyawar da ake shukawa don dabbobi, saboda ƙwayarta da ta alfalfa kusan girmansu ɗaya. Yanzu tana Turai da Asiya da Ostareliya da ƙasashen Afirka da yawa, har da Najeriya, inda ake samun kuma 'yar uwarta Cuscuta australis. A Habasha da Indiya ta zama babbar matsala ga masu noman wani irin ƙwayar mai da Habashawa ke kira nug, a Kenya kuma jinsunan Cuscuta sun lulluɓe shingaye da itatuwa har suna barazana ga gonakin shayi da kofi.

Rumfar gada kuwa, wato Cassytha filiformis, ba baƙuwa ba ce. Tana duk ƙasashe masu zafi tun fil azal, kuma tun 1753 masanin nan na Suwidin, Linne, ya ba ta sunan da take da shi. Danginta su ne itacen fiya da itacen kirfa. Yadda tsiro daga dangin dankali da wani daga dangin fiya suka zo suka yi kama har haka, sakamakon hanyar rayuwa ɗaya ne: duk wanda zai ci daga jikin wani ba ya bukatar ganye ko saiwa, abin da yake bukata shi ne doguwar igiya da bakin tsotso.

Rayuwar soyayyar lambu tana farawa daga ƙwaya ƙarama, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, launinta ƙasa-ƙasa, bayanta da kaushi. Tana tsira ne a saman ƙasa-ƙasa, cikin 'yan santimita na farko, idan ta sami danshi da ɗumi. Abin da ke fitowa ba ya kama da tsiron da aka saba gani. Babu ganyen fari guda biyu, sai wani zare rawaya mai ɗan tsayi, wanda kansa ke juyawa a hankali saɓanin hannun agogo yana laluben abin da zai kama. Guzurinsa shi ne ɗan abincin da ke cikin ƙwayar. Idan kwana biyar zuwa goma suka wuce bai kama shuka ba, ya mutu. Wannan ɗan taƙin shi ne lokacin da ciyawar ta fi rauni a duk rayuwarta, kuma a kansa aka gina rabin dabarun yaƙi da ita.

Laluben ba na makanta ba ne. A 2006 masu bincike a Jami'ar Jihar Fensilbeniya ta Amurka sun wallafa a mujallar Science cewa tsiron Cuscuta pentagona, wadda 'yar uwa ce ta kusa ga mai ɓarnar lambu, yana bin ƙamshin da shuka ke fitarwa. Da suka ajiye dashen tumatir a gefe, mafi yawan zarurrukan suka karkata wajensa. Da suka ɗauke tumatir ɗin suka bar ƙamshinsa kawai, nan ma suka bi. Da aka ba su zaɓi tsakanin tumatir da alkama suka zaɓi tumatir, kuma an gano wani sinadari a ƙamshin alkama da ke korarsu.

Da zaren ya taɓa karan shuka sai ya nannaɗe shi, sannan ya fitar da wasu 'yan ƙullutu a gefen da ke manne da karan. Waɗannan su ne matsotsa. Suna narka fatar karan su kutsa ciki, su haɗe da hanyoyin da ruwa ke hawa daga saiwa da hanyoyin da abinci ke sauka daga ganye. Da zarar haɗin ya kammala, gindin zaren da ke ƙasa sai ya bushe ya tsinke. Daga ranar ciyawar ta rabu da ƙasa, ba ta kuma komawa. Girmanta yana da sauri ƙwarai, yakan kai santimita bakwai a yini idan yanayi ya yi mata daɗi, kuma kowane reshe yana miƙa kai ga shukar da ke kusa. Tsiro ɗaya kan haɗe shuke-shuke da dama a cikin saƙa guda.

Shukar da aka hau takan tsumbure, ganyenta ya yi fari-fari, furenta ya ragu, 'ya'yanta su ƙanƙance. Albasa ba ta yin kai mai girma. Dashen da aka kama tun yana ƙarami sau da yawa mutuwa yake yi. A gonakin tumatir na Kalifoniya an auna asarar da ta kai kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari inda ciyawar ta yi yawa. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da ido: tun da zare ɗaya yana shan ruwan shuka da yawa a lokaci guda, yakan ɗauki ƙwayoyin cutar bairas daga mai ciwo ya kai wa mai lafiya. Ita kanta saƙar tana hana iska da rana shiga, tana kuma wahalar da masu tsinkar tumatir da masu cirar albasa.

Matakin farko na ganewa shi ne raba soyayya da sauran masu yaɗo, domin gona da shinge a wannan yanki cike suke da su, kuma da yawansu masu amfani ne. Gwajin ba shi da wuya. A kama yaɗon a bi shi ƙasa da hannu. Idan ya kai mutum ga gindi da saiwa, kuma yana da koren ganye, to mai hawa ne kawai, jingina yake yi, ba ya shan jikin abin da ya hau. Idan kuwa aka bi shi ya ƙare a iska, babu gindi babu ganye, kuma aka ja shi aka ji ya manne da karan ta wasu 'yan ƙullutu, to soyayya ce.

Yaɗiya ce ta fi cancanta a kiyaye ta. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, tana fitar da ruwa mai danƙo idan an tsinka, kwansonta dogo ne mai tsini, idan ya fashe ƙwayoyin su tashi da farin gashi. Tana zama kore har tsakiyar rani, lokacin da ganye ke wuya, mutane na dafa ta su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, dabbobi ma na ci. Garafuni yana da ganye mai yatsu da 'yan zarurrukan kamu masu murɗewa, ɗansa mai ƙuraje ne, yana nuna ya yi ja-ja ya tsage, kuma ganyensa mai ɗaci sananne ne a girki da magani. Fataƙa ganyenta toka-toka ne mai gashi, tana da farin nono, kuma majema sun daɗe suna amfani da ita wajen cire gashin fata. Yaryaɗi, mai fure irin na kakaki, shi ne ke hawa karan gero da dawa ya danne su, ciyawa ce mai takura amma fartanya na gamawa da shi, awaki kuma su ci. Duman kada ya fi son shimfiɗa a ƙasa mai danshi da bakin tafki, ganyensa mai kauri, furensa shunayya, kuma yana da illa ga dabbar da ta ci shi da yawa. Yawancin waɗannan, idan aka sare su a gindi, abin da ke sama bushewa yake yi. Soyayya ba ta da gindin da za a sara, shi ya sa manomin da ya saba da fartanya yakan rasa ta inda zai ɓullo mata. Wani kuma garin fushi ya share shinge gaba ɗaya, ya haɗa da yaɗiyar da gidansa ke ci, alhali ba ita ce mai laifin ba.

Akwai wasu masu ci daga jikin shuka da bai kamata a haɗa su da ita ba. Kauci yana zama curi guda a kan reshen itace, da koren ganye mai kauri da jajayen furanni dogaye, ba ya yaɗo. Ƙuduji, wanda ake kira wuta-wuta, a ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar gero ko dawa ko wake, sannan ya fito ya tsaya a miƙe da furensa. Kowannensu da nasa maganin.

Mataki na biyu shi ne raba soyayyar lambu da rumfar gada, kuma nan ne ake bukatar a matso kusa a taɓa. Zaren soyayyar lambu siriri ne ƙwarai, da wuya ya kai milimita ɗaya, santsi gare shi, rawaya ko ruwan lemo, kuma yana da gautsi, ana jan sa yake tsinkewa. Na rumfar gada ya fi kauri da tauri, mutum zai iya naɗe shi a yatsa ya ja bai tsinke ba. Sabon tohonsa da ɓangaren da ke inuwa kore ne sosai, wanda rana ke duka ne ke komawa ruwan goro, domin rumfar gada tana da koren sinadarin nan da ganye ke haɗa abinci da shi, tana yi wa kanta wani abu ko da tana cin na wani. Idan aka duba da kyau za a ga 'yan layuka sirara a tsawon zaren. Idan aka murje shi a tafin hannu yakan yi yauƙi ya ba da ɗan ƙamshi, gadon danginsa na kirfa.

Fure da 'ya'ya su ne shaidar da ba ta da gardama. Furannin soyayyar lambu ƙanana ne farare, a dunƙule suke curi-curi a jikin zaren, kowanne da leɓe biyar. Suna zama busasshen kwanso ɗan kewayayye, mai ƙwaya biyu zuwa huɗu. Furannin rumfar gada a jere suke ɗai-ɗai a kan 'yar gajeriyar zangarniya, sassansu uku-uku, kuma ɗanta mai tsoka ne da ruwa, kore da farko, fari idan ya nuna, da ƙwallo ɗaya tak a ciki. Duk inda aka ga fararen 'ya'ya masu laushi a jikin zaren, rumfar gada ce. Abin da aka hau ma yana ba da haske. Soyayyar lambu ta fi son shuka mai taushin kara: tumatir, tattasai, albasa, karas, da ciyayi irin su zaƙi-banza, fasa-ƙaba, gautan kaji da yaryaɗi. Yawanci 'yar shekara ɗaya ce, tana mutuwa tare da shukar ta bar ƙwaya. Rumfar gada ta fi zama a kan itace da kurmi, mangwaro, lemo, kashu, darbejiya da ƙananan itatuwan daji, tana shekara da shekaru a wuri ɗaya tana ƙara kauri har ta rufe kan itacen.

Ƙarfin soyayyar lambu yana cikin ƙwayarta. Tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma ɓawon yana da taurin da ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Saboda haka ba sa tsira a lokaci ɗaya. Kaɗan ne ke fitowa a shekarar farko, sauran su kwanta, suna fitowa kaɗan-kaɗan har fiye da shekara goma. Fangalin da aka bari ta yi ƙwaya a cikinsa sau ɗaya ya ɗauki bashin da za a daɗe ana biya.

Hanyoyin da ƙwayar ke bi ta shiga sabon wuri duk na aikin yau da kullum ne. Ta farko ita ce iri. Wanda ya bar albasa ko karas ko alayyafo ya yi iri a fangalin da ciyawar take, ya sussuka ya adana, ya adana ta tare, kuma idan ya sayar a kasuwa ya raba wa wasu. Haka dashen da aka ciro daga gadon reno mai ita, da ƙasar da ke manne a saiwarsa ko ɗan zare a karansa. Ta biyu ruwa: ƙwayar da ta zube a bakin magudana tana bin ruwa zuwa fangalan da ke ƙasa. Ta uku dabbobi. Ƙwayar tana shiga cikin saniya ko tunkiya ta fito da ranta, don haka ciyawar da aka yanko daga lambu mai soyayya aka kai turke, kashin da aka kwaso daga turken aka kai gona iri ne aka shuka. A yankin da harawa da ciyawa ke tafiya a amalanke daga ƙauye zuwa ƙauye, dabbobi kuma ke ratsawa zuwa manyan kasuwanni irin na Maigatari da Dambatta, wannan hanya ba ƙarama ba ce. Ta huɗu ita ce hannun mutum. Guntun zaren da aka tsinka aka jefar, idan ya faɗa kan shuka mai rai, yana iya nannaɗewa ya fitar da sababbin matsotsa. Yaro ya tsinko ya yi wasa da shi ya yar a shingen gida, ko mai cira ya wurga shi kan kunya, an dasa ta ke nan. Rumfar gada ita tsuntsaye ne manyan masu kai ta, suna cin 'ya'yan su kasayar da ƙwallon a ƙarƙashin wani itacen.

Kuskuren da aka fi yi wajen cire soyayyar lambu shi ne a tsefe zaren daga jikin shuka a bar shukar a tsaye. Ido zai ga wuri ya yi fes, amma matsotsan suna nan a cikin karan, kuma daga gare su sabon zare ke tohowa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke aiki shi ne a cire ta tare da abin da ta kama. Idan a reshe ɗaya ko ganye kaɗan take, a yanke reshen ƙasa da wuri na ƙarshe da zaren ya manne, a bar tazarar kamar faɗin yatsa. Idan ta kai ga uwar karan, ko shukar ƙarama ce, ko albasa ce, a tuge shukar gaba ɗaya, a haɗa da na kewayenta da zaren ya taɓa. Da ciwo mutum ya tuge tumatir goma masu fure da hannunsa, amma goman nan su ne kuɗin fansar sauran fangalin da na shekaru masu zuwa.

Lokaci shi ne komai. Aikin da aka yi kafin ta yi fure ya gama da ita a wannan wuri. Wanda aka yi bayan kwanson ya bushe ya rage ɓarnar bana ne kawai. Saboda haka zagayen duba lambu ya kamata ya fara tun makon farko bayan dashe, a riƙa sunkuyawa ana duba gindin shuka, musamman ta bakin da ruwa ke shigowa, da kan kunya, da inda aka zuba taki. Launin rawaya yana fita sosai a cikin kore da hantsi.

Abin da aka cire kada a ja shi a ƙasa a ratsa gona da shi. A zo da buhu har wurin, a cusa a ciki, a fitar da shi waje guda da babu shuka, a shanya a kan busasshiyar ƙasa, a ƙone. Ba a ba dabba, ba a zuba a ramin taki, ba a jefa a magudana. Inda ta riga ta yi ƙwaya kuma ta cinye wuri mai faɗi, ya fi kyau a yanke komai a tara a nan inda yake, a lulluɓe da kara ko tattaka a cinna wuta, domin wutar ta haɗa da ƙwayoyin da suka zube a sama. A yi haka da sassafe kafin iskar hunturu ta tashi, da ruwa a kusa. Bayan nan a kafa turke a wurin don a san shi, a riƙa komawa duk mako. Fartanya da lauje da takalmin da aka yi aikin da su a kakkaɓe su kafin a shiga wani fangalin.

Filin da ƙwayar ta riga ta zauna a cikinsa yana bukatar haƙurin shekaru. Dabara mafi ƙarfi ita ce canjin shuka. Soyayyar lambu ba ta iya rayuwa a kan dangin hatsi, don haka alkama ko masara ko shinkafa a rani, gero ko dawa a damina, suna sa ƙwayoyin su tsira su rasa abin kamawa su mutu. Sharaɗin shi ne a tsare noma, domin zaƙi-banza ɗaya ko fasa-ƙaba ɗaya da aka bari a tsakanin alkama ya isa ya riƙe ta har ta yi sabuwar ƙwaya, kuma kada a sarƙa wa hatsin wani amfani mai faɗin ganye a wannan fili. Dabara ta biyu ita ce a yi wa fangali ban-ruwa tun babu komai a ciki, a jira mako biyu, abin da ya tsiro a kankare shi sama-sama da fartanya, sannan a yi dashe. Dashen da ya ɗan ƙosa, karansa ya yi ƙwari, ya fi jure mata a kan ɗanye sharaf. Takin gargajiya a bar shi ya ruɓe sosai ya yi zafi a tsibi kafin a kai lambu, ko da yake wanda ya fito daga dabbar da ta ci ciyawar gara a kai shi gonar gero. Iri mai manyan ƙwaya rariya na raba shi da ita. Ƙananan iri kuwa, kamar na alayyafo da karas, da wuya a tace su a gida. Kamfanonin iri a ƙasashen waje suna amfani da kaushin bayan ƙwayar ne, su gauraya irin da garin ƙarfe, garin ya maƙale a jikinta, maganaɗisu ya janye ta. Manomi a nan abin da ya fi masa shi ne ya ɗebi iri daga fangalin da ya tabbatar ba ta taɓa shiga ba, ko ya sayi wanda Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa ta tantance.

Maganin feshi yana da iyaka. Tun da ciyawar da shukar sun zama jiki ɗaya, abin da zai kashe ta bayan ta manne yawanci zai taɓa shukar. Mai amfani shi ne wanda ake fesa wa ƙasa kafin tsiro, irin fendimetalin, wanda ke hana zaren farko girma, kuma ana bin ƙa'idar da ke jikin gorar game da amfanin da ya dace da shi da yawan da za a sa. Gilifoset yana kashe ta tare da abin da ta hau, don haka wurinsa bakin gona da kufai, inda abin da ta hau ɗin ma ciyawa ce. Mai feshi ya rufe hanci da hannu, kada kuma ya wanke tanki a ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Rumfar gada aikinta na adda da barandami ne. Canjin shuka ba shi da ma'ana a kanta, tun da itace ba ya tashi daga wurinsa, kuma ita tana iya kama dangin ciyawa ma. A sare rassan da ta nannaɗe daga ƙasan inda ta manne, a sauko da saƙar gaba ɗaya, a ƙone. Itacen da ta rufe ruf yakan bukaci a yi masa aski sosai, kuma mangwaro da darbejiya da lalle duk suna sake toho bayan sara. An fi son a yi aikin da rani kafin 'ya'yanta su yi fari, sa'annan a share ƙarƙashin itacen, a sare ƙananan tsirrai da rassan da suka sauko har ƙasa, domin su ne tsanin da sabon tsiro ke bi ya hau. Tsironta ya fi na soyayyar lambu juriya, kore ne, yana da 'yar saiwa, yakan yi makonni yana jiran abin kamawa, don haka share gindin itace sau ɗaya bai isa ba. A daji, inda take kan kurmin da ba na kowa ba, ba dole ba ne a bi ta da gaba. 'Yar ƙasa ce, tsuntsaye na ci, masu maganin gargajiya a Afirka ta Yamma sun daɗe suna amfani da ita. Inda ya wajaba a hana ta zama shi ne gonar itatuwan marmari, wurin renon dashe, shingen gida da layukan kare iska, da kuma kurmin da ke dab da su.

A fadama, inda fangalan mutum ashirin ke shan ruwan magudana ɗaya, wanda ya tsabtace nasa bai tsira ba muddin na sama da shi ya bar tasa ta yi ƙwaya. Bakin magudana da kan iyaka, waɗanda kowa ke ganin ba nasa ba ne, su ne inda ta fi samun sakewa. Wannan aiki ne na sarkin noma da ƙungiyar masu ban-ruwa: a sa rana ɗaya kafin dashe a share magudana tare, a kuma amince cewa duk wanda ya ga zaren rawaya, ko a fangalin wa yake, zai faɗa a ranar. Malaman gona na JARDA, hukumar aikin gona ta Jihar Jigawa, suna ƙananan hukumomin wannan yanki, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da masana ciyawa da za su iya tantance jinsin da ya rikitar. Wanda zai kai samfur ya yanko zaren tare da guntun shukar da ya hau, da fure ko 'ya'ya idan akwai, ya sa a leda ya ɗaure bakinta tun a gona, kada ya riƙo shi a hannu yana ratsa lambunan mutane.